Gangar da ta Fita daga Rumfar Kwalta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ni ce mahaifiyarku, da hannuna nake rubuta wannan takarda, kuma hankalina yana nan daram. Murya likita ya cire mini a maƙogwaro, bai taɓa ƙwaƙwalwata ba, saboda haka kada wani ya kalli ɗan'uwansa ya ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Na san ranar yau, na san sunan kowane jikana, na kuma san wadda ta ari bargona tun bara ba ta dawo da shi ba.

An saba buɗe wasiyya bayan an dawo daga maƙabarta. Tawa ba za ta jira ba. Ke Malama, ke kike kawo mini abinci in kin taso daga makaranta, ke za ki fara ganinta a kan tire. Ki karanta sashe na ɗaya kawai, ki ɗauki waya ki kira yayanki Babba da ƙaninki Auta, ki karanta musu shi kalma da kalma. Sauran ya jira sai kun taru ku uku.

Na ɗaya. Kada kowa ya hura wuta a ƙarƙashin ko da ganga ɗaya daga cikin gangunan kwaltar da ke rumfar bayan gida. Kada a huda ta da ƙarfe, kada a gangara ta, kada a ɗora ta a mota. Talatin da ɗaya ne tun zamanin yaƙi. Bakwai daga cikinsu, kwaltar da ke bakinsu ba ta wuce taƙi ɗaya ba, abin da ke ƙasa gurneti ne na sojoji. Ban san waɗanne ne bakwai ɗin ba. Yanzu kuwa talatin ne a rumfar, ɗaya ta fita lokacin da nake kwance a asibiti.

Shekaranjiya da aka sallame ni na dafa bango na zagaya baya, kamar yadda na saba kowace safiya shekara talatin da huɗu. A layin farko, kusa da ƙofa, sai na ga zagayen ƙasa mai tsabta inda gindin ganga ya zauna. Na zauna a kan dutsen murhu. Na rubuta a ɗan littafina ina tambayar wanda ya ɗauka, na nuna wa kowannenku. Babba ya ɗaure fuska ya girgiza kai, Malama ta rantse, Auta ya yi dariya. Ku uku kaɗai kuke da makullin ƙofar baya. Ban ga laifinku ba da kuka musa, don kun san yadda nake zama idan aka taɓa gangunan nan. Laifin nawa ne da na tambayi wanda ya ɗauka, ban faɗi abin da ke ciki ba. Alƙalami yana hannuna, amma hannun da ya saba ɓoyewa ya ƙi rubutawa, har na ɓata kwana biyu. Ga hadari ya fara haɗuwa, kuma na san garin nan, a irin wannan makon kowa yake hawa rufi yana toshe yoyo. Wanda yake da gangar kwalta a gida, abu na farko da zai yi shi ne ya tara itace a ƙarƙashinta.

Na biyu. Ku san yadda aka yi, don kada ku ɗauka mafarki na yi.

Ku kun tashi kun san kwalta abin shimfiɗa titi ce da toshe rufi. Da ma haka take a wurinmu kafin yaƙi. Mahaifinku da ƙaninsa, baffanku, su ke dafa ta a filin bayan nan, ni ina riƙe musu bokitai. Da yaƙi ya zo, sai ta zama komai. Hukuma ta ba da umarni a shafe kowane rufin kwano, wai ƙyallinsa yana nuna wa jiragen yaƙi inda gari yake. Aka ce a shafe gilasan tagogi ma. Cikin mako uku gari ya koma baƙi ƙirin, da tsakar rana sai ka lalubi ƙofar ɗakinka, zafi kuwa kamar an kife maka tukunya. Sabon abu ya daina shigowa kasuwa, don haka da kwalta ake liƙe tankin ruwa da bokiti da gindin takalmi. Masu dabbobi su zo a ɗiba musu a gwangwani su shafa wa miki don ƙuda. Masu turakun waya su zo a jiƙa musu gindin turke saboda gara. Sojoji kuma kullum motarsu tana ƙofar gida, don manyan motocinsu suna cinye titi fiye da yadda ake gyara shi. Hayaƙin da na shaƙa a shekarun nan shi ne likita ya tarar a maƙogwarona.

Har takardar tsira ta zama. A shingen sojoji sukan ce saurayi ya buɗe tafin hannunsa. In sun ga kwalta ta shige ƙarƙashin farce sai su sake shi, don sun san ana bukatar masu aikinta. Iyaye mata suka riƙa kawo mini 'ya'yansu in tsoma musu hannu a bokitin da ya huce. Ban taɓa korar kowa ba. Sai ga shi baƙin hannun da ya hana a ba wasu bindiga shi ya sa aka ɗauki mahaifinku, aka kai shi facin titi kusa da fagen daga. A kan titin jirgi ya same su. Babba, kana da shekara tara. Malama, biyar. Auta, kai kana ciki wata shida.

Bayan wata ɗaya sojojin da ke riƙe da garin suka fara janyewa. Motarsu ta ƙarshe ta tsaya a ƙofarmu, suka sauke akwatuna biyu na gurneti a rumfa, suka ce za su dawo kafin yamma. Ba su dawo ba. Washegari waɗanda suka karɓi garin suka yi shela da lasifika cewa za a bi gida gida, duk wanda aka samu da makami za a harbe shi a ƙofar gidansa. Ga shinge a farkon layinmu, ga shinge a ƙarshensa. Ba hanyar fita da akwatunan, ba kuma wanda zai yarda cewa ajiya aka yi mana dole.

Na tura ku wurin maƙwabta. Ni da baffanku muka hura wuta da hantsi kamar kullum, don babu mai kallon mai dafa kwalta sau biyu. Muka jawo ganguna bakwai da babu komai a ciki, muka zuba garin katako da yashi, muka jera gurnetin a tsakiya ɗaya bayan ɗaya. Muka daidaita nauyin har ya zo ɗaya da na gangar kwalta ta gaske. Muka danna faifan katako da buhu a kai, muka jira kwaltar ta huce har hannu yana iya taɓa bokitin, sannan muka malala ta a baki. Muka cusa su a cikin sauran ashirin da huɗun.

Ga inda muka yi wautar. Baffanku ya ce a yi musu alama, buroshi kuwa yana hannunsa, sai ya ja wa kowace layi ɗaya na kwalta a gefe. Akwai alli a jakar makarantar Babba, akwai ƙusa a bango da za a iya kartar ƙarfen da ita. Ko ɗaya bai zo mana a rai ba. Mutanen da suka shekara goma sha biyar suna rubuta komai da kwalta, har lambar gida, da ita suka yi alama a jikin gangar kwalta.

Masu binciken suka zo da azahar. Suka soki bakin wasu da wuƙar bindiga, suka kwantar da wasu suka gangara su tsakar fili don su duba bayansu. Ɗaya ya hau kan wata ya zauna yana shan taba. Ina tsaye ina kallo, Auta yana shure-shure a cikina. Da suka tafi, gangunan sun cakuɗe, muka mayar da su rumfa yadda suka zo hannu, muna cewa ai akwai alama. Sai bazara ta shigo. A ƙarƙashin baƙin rufin nan kwalta ta narke ta tsiyayo ta gefen kowace ganga. Ranar da muka koma dubawa, duk talatin da ɗayan suna da layi, wasu uku, wasu goma. 

Kada wani mai wayo a cikinku, kuma kai nake nufi Auta, ya ce zai ƙwanƙwasa ya ji sauti ko ya jijjiga ya gane nauyi. Mun yi aikin ne don ya ruɗi soja mai neman dalilin harbi, kuma ya ruɗe shi, ya ruɗe mu.

Na uku. Gobe da safe ku je wurin hukuma ku nemi masu kwance bam. Ku je ku uku, da wannan takarda a hannu. Ku gaya wa maƙwabtan da ke jikin katangar baya su kwashe yaransu har a gama.

Za ku ce me ya hana ni zuwa da kaina tuntuni. Tsoro ne, ba wani abu ba. Da aka gama yaƙi an ba da wata shida kowa ya miƙa makamin da ke hannunsa. Baffanku ya ce mu je. Ni na ce a dakata, don a lokacin ana kama waɗanda suka yi wa sojojin farko aiki, mu kuwa duk gari ya san motarsu a ƙofarmu take wuni. Na ce in aka tsare ni wa zai riƙe marayu uku. Wata shida suka wuce ina cewa gobe. Baffanku ya rasu a shekara ta biyu bayan yaƙi, ya bar ni da maganar ni kaɗai. Daga nan kowace shekara sai bakina ya ƙara nauyi, don tambayar farko da za a yi mini ita ce me ya sa sai yanzu. Na ci gaba da sana'a ina sayen sabuwar kwalta a kasuwa, ga rumfa cike da ita. Mutanen layi suka sa mini suna Hajiya Ajiya, na ji, na haɗiye. Na rene ku taku ashirin daga abin nan, na bar jikokina suna wasan ɓuya a gefensa ina daka musu tsawa. In hukuma ta ce akwai hukunci, ku nuna musu ɗakina. Kada ɗayanku ya ce zai ɗauke mini, ba wanda ya san komai sai yau.

Na huɗu. Kai Babba, da kai nake.

Kana da shekara ashirin da biyu ka samu aikinka na farko, facin filin tashar mota. Ka zo da murnarka ka roƙe ni ganga goma. Na hana ka. Ka dawo da amalanke za ka ɗauka da ƙarfi, na biyo ka da babban ludayin ƙarfe a gaban abokanka, ina zaginka da abin da uwa ba ta faɗa wa ɗanta. Aikin ya kuɓuce maka. Tun daga ranar a bakin ƙofa kake gaishe ni, ba ka ƙara zama a tabarmata ba. Na san abin da ka ƙulla a ranka, cewa Auta nake tara wa, shi ɗan lele. Shi ya sa shekara da shekaru ba ka shiga motarsa, shi ma ba ya taka gidanka, matanku kuma sun ɗauki gabar sun ƙara mata gishiri.

Ban tara wa kowa komai ba. A ranar nan na ga hannunka a kan ganga, na ga irin wutar da za ka hura mata a tasha cike da mutane, sai hankalina ya gushe. Na zaɓi ka ƙi ni da ranka. Amma da na kira ka ɗaki na gaya maka gaskiya, da ka samu uwarka da ƙaninka duka, kuma na san da ka riƙe sirrin, don kai ba mai surutu ba ne, halin mahaifinka ka ɗauko. Ban yi ba, na cuce ka. Ka yafe mini. Auta bai ci maka komai ba, ka sake shi.

Na biyar. Akwai matar tela, wadda take zaune a gidan 'yarta bayan asibiti. Ku je ku nema mini gafararta.

A shekara ta biyu ta yaƙi an fara shafa wa ƙofofi kwalta. Duk gidan da aka zarga da kai wa abokan gaba labari, sai a wayi gari an ja masa baƙin layi daga sama har ƙasa. Daga ranar ba mai sayar musu, ba mai amsa sallamarsu. Wasu samarin layi suka zo wurina da gwangwani suka ce in ɗiba musu. Na san ba rufi za su toshe ba, na ga idanunsu. Na ɗiba. Kashegari ƙofar tela ce. Matarsa ta kwana uku tana kankarewa da wuƙa da kananzir, kwalta kuwa in ta shiga katako ba ta fita. A rana ta huɗu aka zo aka tafi da mijinta, bai dawo ba. Gida ɗaya ne ke dafa kwalta a unguwar, ta san inda aka samo. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, kullum muka haɗu ita take fara gaishe ni, wannan ya fi zagi ciwo. Malama, ke kin iya magana, ke za ki faɗa. Ki ce na sani, na kuma ɗiba. Kada ki gyara mini.

Na shida. Gida da fili a raba muku yadda shari'a ta tsara, ku nemi masani ya yi muku, ba ruwana da wannan. Sharaɗina ɗaya ne, kada a kawo dillali ko mai awo filin baya sai masu kwance bam sun ce ya tsarkaka. Masu sayen tsohon ƙarfe da suke leƙe ta kan katanga, ku kore su. Da wuta suke yanka ganga.

Ƙananan kaya kuwa tun yanzu na bayar. Babba, tukunyar dahuwa da buroshin mahaifinka naka ne, har da ludayin nan, in ka ga dama ka jefa shi a rijiya. Malama, akwai wasiƙa ɗaya tak da mahaifinku ya aiko daga wurin facin titi, tana ƙasan akwatina a cikin leda. Wani ya rubuta masa, amma shi ya danna babban yatsansa a ƙasa, kwaltar tana nan da zanen yatsan. Ki riƙe, ki riƙa nuna wa yara. Auta, kai ba ka taɓa ganinsa ba, ka ɗauki rigar aikinsa da ke rataye bayan ƙofa. Ta sandare har tana iya tsayuwa da kanta, amma faɗin kafaɗarsa yana nan a jikinta, za ka ga irin naka ne. Bargon nan kuma, wadda ta ara ta riƙe, na yafe.

Na bakwai. Zuwa ga wanda ya ɗauki gangar.

Kwana biyu ina juya ku a raina. Babba, na ji an ba ka gyaran rufin wani sito, kuma kai kana ganin tun tuni kana da hakki a rumfar nan. Malama, ɗakin da yaranki suke kwana yana yoyo, da bakinki kika gaya mini kina tara kwanuka a ƙasa in ana ruwa, mijinki kuma mutum ne mai son yin abu da hannunsa. Auta, kai kake da mota, kai ne kuma ba ka iya ce wa aboki a'a. Kowannenku na ga dalilinsa, kuma duk dalilin da na gani mai kyau ne. Wanda ya ɗauka ya ga tsohuwa tana asibiti, ga kaya yana lalacewa, ga bukata. Ko ni ce haka zan yi.

Ba na son in san ko wane ne. Kada ku tsare juna da tambaya, kada ku mayar da ita sabuwar gabar da za ku riƙe bayan raina. In an riga an dafa ta, kwalta ce zalla ta fito, to Allah Ya rufa asiri, a faɗa don in samu in runtsa. In tana ajiye, a bar ta inda take, kada a ce za a dawo mini da ita a ɓoye don a wanke kai, hanyar nan duk ramuka ce. A fitar da kowa daga gidan, a kulle, a nuna wa hukuma wurin. In kuwa an ba wani ko an sayar, to wannan ne abin da ya fi tayar mini da hankali, don can akwai wani gida da bai san mu ba, da yaransa, da itacensa a tare. Wanda ya bayar ya ajiye takardar nan yanzu, ya tafi da gudu. Kunyar cewa ka yi wa uwarka ƙarya ba ta kai a tsaya ana auna ta ba.

Allah Ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Ya tsare ku daga abin da hannuna ya binne, Ya sa kada kuskurena ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ku riƙe juna. Babba, kai ne uba yanzu, ka buɗe ƙofarka. Malama, kada ki gaji da shiga tsakaninsu. Auta, ka rage dariya in yayanka yana magana.

Gobe in za ku wurin hukuma, ku shiga mota ɗaya, ku biyo ta nan tukuna. Ba sai kun ce mini komai ba, ni ma ba ni da bakin amsawa. Na sa an juya mini gado yana kallon ƙofa. Ku shigo ku tsaya inda zan gan ku, ku uku, da ƙafafunku.